Hujin Kofin Kawu

Kofin awon kaurin fenti ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙarfe ne mai huji a gindi. Ka toshe hujin da yatsa, ka cika kofin, ka saki, ka duba agogo har zaren fentin ya yanke. Fentin feshin mota da kamfaninmu ke haɗawa sakan ashirin da biyar ake so. Amma wata uku ke nan masu gareji suna dawo mana da kaya, wai fentin ya yi kauri yana toshe musu bindigar feshi.

Ni ke sa hannu kafin kaya su fita. Mai haɗa fentin kuwa Kawu ne, ƙanin mahaifiyata, shekararsa ashirin da biyu a bakin tanki. Shi ya kai takarduna ofis aka ɗauke ni.

Ranar da sabon kofin da na yi ta naci a kansa ya iso, an riga an loda rabin mota. Na ɗebo fenti daga tanki, na auna da tsohon kofi: ashirin da biyar cif. Na auna da sabo: arba'in da ɗaya.

"Kawu, zo ka gani."

Ya zo yana goge hannu a gaban riga. Ya ɗaga sabon kofin, ya kanne ido ɗaya, ya leƙa hujin.

"Ai a toshe yake, 'yar boko. Bari in buɗe miki shi."

Sai ya zaro ƙusa daga aljihu. Na fizge kofin har fenti ya fantsamar mini a takalmi.

"Da wannan kake wanke tsohon?"

"Kullum da safe. In ba ƙusa ba, me zai fitar da busasshen fenti? Addu'a?"

Na haɗa kofunan biyu a hasken taga. Hujin tsohon ya kusa ɗaukar tsinken ashana biyu. Shekara da shekaru ƙusa tana cinsa, fenti yana zuba da wuri, su Kawu kuma suna ƙara masa kauri don agogo ya nuna ashirin da biyar. Ba wanda ya taɓa tambaya!

Manaja ya shigo da waya a kunne. "Direba yana jira. Ina takarda?"

"Ba zan sa hannu ba, Yallaɓai."

Na yi masa bayani. Ya saurara yana kallon mota.

"Tsohon kofin ya ce nawa?"

"Ashirin da biyar."

"To, rubuta na tsohon. Kofi ai kofi ne."

Kawu ya yi ƙasa da murya. "Kunyata ni za ki yi a gaban mutane? Ni da na goya ki?"

Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma na ɗauko bindigar feshi ta gwaji, na cika ta da fentin tankin, na miƙa wa manaja.

"Ga murfin durom can. Fesa, Yallaɓai. In ya kwanta, zan sa hannu."

Ya matsa. Bindigar ta yi tari, ta tofa dunƙule uku, ta yi shiru. Ya sake matsawa, ta watso masa shuɗi a wando. Direba da ke leƙowa ta ƙofa ya ce, "Wannan ai da cokali za a shafa shi."

Manaja ya daɗe yana kallon wandonsa.

"A sauke kayan," ya ce. "A mayar tanki, a sirka da tina ya tsinke."

Bokiti ɗari da sittin muka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Kawu yana zuba tina, ni ina awo, bai ko kalle ni ba. Talatin da takwas. Talatin da ɗaya. Sai a awo na biyar agogo ya tsaya a ashirin da biyar, na sa hannu.

Yana wanke hannu na ce, "Kawu, in rage maka hanya?"

"Ki gaida uwarki," ya ce, ya wuce bakin titi neman mota.