Mai Gadin Jakunkuna

Jiya da dare wani mafarki na yi, har yanzu bai sake ni ba.

Na gan ni a tsohuwar sakandarenmu, na je karɓar sakamakon jarrabawata. Ruwan sama daga ƙasa yake tashi, kowa ya kifa lemarsa yana takawa. Firinsifal bunsuru ne mai tabarau. Takardata tana bakinsa.

"Ranka ya daɗe, tawa ce fa."

"Na sani," in ji shi. "Na ci Turancin, ba gishiri. Je ka ku yi wasan kimiyya. In fitila ta kama, ka karɓi abin da ya rage."

Sai ga ni a ɗakin gwaje-gwaje, wanda sau biyu kacal na taɓa gani a buɗe. Malamar Fiziks zabuwa ce. Ta ce yau ba allo ba bulala, mu ne wayar lantarki. Kowa ya riƙe hannun na kusa da shi, a yi zobe daga batir har ƙwan fitila. Batirin shi ne mai gadin makaranta. Ƙwan kuwa sanƙon mataimakin firinsifal.

Muka riƙe. Sanƙo bai kama ba.

Ta taga na hango bunsuru ya fara cin Lissafi.

"Akwai inda waya ta tsinke," in ji zabuwa.

Na san wurin. Tanimu, makahon ajinmu, yana bakin ƙofa yana gadin jakunkunanmu. Ni na ba shi aikin lokacin ina monita, duk ranar da za a yi wasa ko gwaji.

"Tanimu, taso."

"Jakunkunan fa, Monita?"

"Sun girma, sa kula da kansu."

Jakunkunan suka gyaɗa kai.

Ya miƙo hannu. "Shekara uku muna aji ɗaya, sai yau ka gano ina da hannu?"

Na riƙe. Sanƙo ya kama fes, har mataimaki ya roƙi a ara masa hula.

Bunsuru ya shigo ya tofar da takardar. Fiziks kaɗai ta rage, da maki mai kyau. Sunan Tanimu ne a sama.

"Ranka ya daɗe, nawa fa?"

"Kai?" Ya goge tabarau. "Jakunkuna suna jira."

Na zauna a bakin ƙofa. Wata jaka ta fara kuka, ƙiƙir, ƙiƙir.

Na farka. Tsohuwar fankar ɗakina ce, an kawo wuta. Na jawo waya na duba. Ko lambar Tanimu ba ni da ita.