Ƙwayoyin da Ba Sa Kama Bango

Tun ina ƙarama hanjina yake gyambo. Duk likitan da ya auna jinina sai ya ce ƙwayoyin da ke tsawatar wa sojojin jiki, su hana su cin naman mai su, sun cika cif. Wani ma ya ce wa Mama son jiki ne kawai.

Ban mutu ba, ban kuma bar makaranta ba. Yanzu ni ke aiki a ɗakin binciken da ake auna irin jinina.

Likitocin can ƙirga ƙwayoyin kawai suke yi, ba wanda ya duba ƙugiya. Kowace ƙwaya tana da 'yan ƙugiyoyi a fatarta, da su take kama bangon jijiya ta kutsa inda ake ɓarna ta raba faɗa. Gwajinmu shi ne mu shimfiɗa ƙwayoyin bangon jijiya a kan gilashi, mu koro ruwa kamar gudun jini, mu zuba ido ta madubin ƙara girma. Na zuba ƙwayoyin jinina. Suka wuce sumul, ko ɗaya ba ta tsaya ba.

Shugaban ɗakinmu ya daɗe yana kallo. "Ki samo ɗan'uwa mai ƙugiya," in ji shi, "sai a yi maganar dashen ɓargo."

Mu biyu Mama ta haifa. Yayana ya zo daga gareji da baƙin mai a faratansa.

"Ke 'yar boko, duk jinin nan wanka za ki yi da shi?"

"Miƙo hannu, Yaya. Ƙato da kai kana tsoron allura."

Na tace ƙwayoyinsa, na kunna famfon da ke koro ruwan. Suka zo suna mirginawa a kan gilashin, kamar za su kama. Wasu suka kama. Sai ruwan ya fizge yawancinsu.

"Sun riƙe?" ya tambaya daga bayana.

"Kaɗan. Sun ishe ka kai kaɗai, ba za su ishe mu mu biyu ba."

Ya sake miƙo hannu. Ya ce, "Ɗebi wani. Wataƙila waɗannan ragwaye ne."

Ciwon hanjina ya taso. Na dafa teburin, na ƙi zama har ya lafa.

"Sauke hannun rigarka, Yaya. Kada ka gaya wa Mama, ni zan gaya mata."

Na cire gilashin, na ɗora sabo. Jinin wasu yana jira.