Ɗigon Hazo a Bututun Kaka

Su uku ne a ɗakuna biyu, a hawa na huɗu. Akwai Kaka, wanda ya yi shekara talatin yana awon filaye kafin gwiwa ta zaunar da shi. Akwai 'yarsa, Mama, ma'aikaciyar jinya, wadda kullum take dawowa gida da ƙafafu a kumbure. Sai jikarsa Auta, mai shekara goma sha ɗaya, wadda yayyenta biyu ke makarantar kwana. Ci da sha bai yanke musu ba. Abin da suka rasa wuri ne, kuma a ƙarshen wata za su koma gidan da ya fi wannan ƙanƙanta, kusa da asibiti.

A bayan ƙofa madubin hangen taurari na Kaka yake tsaye. Da hannunsa ya haɗa shi: bututun ruwa mai kauri, madubi a gindi, ɗan gilashin sa ido a gefe, bisa tsoffin ƙafafu uku na katako da ya yi aikin awo da su. Ba batir, ba inji. Da hannu ake tura shi, sama ko gefe. A gidan Bututu kawai ake ce masa.

"Baba, ba zan kwashi kayan da ba mai amfani da su ba," in ji Mama ran nan, bayan ta sake buga ƙafa da shi. "Kai ka daina hawa sama, ni kuma ko sararin barci ba ni da shi."

"Ga magajiya nan," in ji Kaka, yana nuna Auta.

"Wannan? Ko allura aka aike ta nema, sai dai a bi ta a nemo su tare."

A ƙarshe suka yi sharaɗi. Idan Auta ta nemo ɗigon hazon nan da kanta kafin tashi, Bututu zai bi su. Idan ta kasa, mai sayen tsoffin ƙarafa zai zo ya ɗauka. Hazon kuwa, Kaka ya ce, wani taron taurari ne mai nisan gaske, wanda a gilashi bai wuce shafar alli a kan allo ba.

Dare huɗu suna hawa rufin bene bayan cin abinci. Auta ta ɗauki ƙafafun, ta dawo ta rungumi bututun, ta sake dawowa ta riƙo Kaka, matakala ashirin da biyu. Ran farko gajimare. Rana ta biyu fitilar shagon ƙasa ta haske sama har suka gaji. Sauran biyun ta yi ta tura bututun dama da hagu, wuyanta ya sage, ba ta ga komai ba sai baƙi.

Dare na biyar shi ne na ƙarshe. An riga an ɗaure kwanuka a kwali. Mama ma ta hau, da rigar aikinta, ta kife bokiti kusa da tankin ruwa ta zauna, ba a jima ba kanta ya fara rinjaya.

"Matsalarki gaggawa, uwar surutu," in ji Kaka daga kujerarsa. "Kina yawo a sama kamar wadda ta ɓata a kasuwa. Mu a awo ba ma fara neman abin da ba mu sani ba. Daga turken da muka sani muke tashi. Kin ga taurari huɗun nan masu kama da tabarma?"

"Na gan su, Tsoho."

"Kama na kusurwar hagu. Daidaita ƙusoshin."

Ƙusa biyu ya kafa a bayan bututun don saiti. Auta ta durƙusa, sumunti yana cin gwiwarta, ta rufe ido ɗaya har ƙusoshin suka hau kan tauraron.

"Yanzu tsallaka zuwa mai haske na gaba. Sai na gaba da shi. A nan ki tsaya, ki yi kwana sama. Ƙanana biyu za ki wuce, yana bayan na biyun."

Ta tura, bututun ya ƙi. Ta ƙara ƙarfi, ya zarce, komai ya ɓace. Ta zauna a ƙasa, hawaye ya cika mata ido.

"Na gaji. A ba mai ƙarafan kawai."

"Ni ma na gaji," in ji Kaka a hankali. "Sassauta notin gefe kaɗan, ki koma turke. Da yatsa biyu ake tura shi, ba da kafaɗa ba."

Sau uku tana komawa turke. A na ukun ta wuce ƙananan biyu, ta sa ido a gilashi. Baƙi ne dai, da 'yan ɗige-ɗige.

"Kada ki zura masa ido, kunya gare shi. Kalli gefe, ki bar wutsiyar idonki ta yi aikin."

Ta kalli gefe. Sai ga shi, dogo-dogo, fari-fari, kamar numfashi a jikin gilashin taga. Da ta dube shi kai tsaye sai ya dushe, da ta kau da ido sai ya dawo.

"Kaka! Ga shi! Wallahi ga shi!"

Tashinsa ya ɗauki lokaci. Sai da ya lalubi sanda, ya huta, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya sunkuya a kan gilashin ya daɗe.

"Shi ne," ya ce. "Ga tsakiyar da haske, ga gefen ya baje. Ke, 'yar nan, tashi ki ji. Ta samo shi. Sai ki nema wa Bututu wuri a mota."

Mama ta buɗe ido da ƙyar. "To, na ji. A ƙarƙashin gadonta zai kwana." Ta miƙe ta kama hannun mahaifinta, suka fara sauka.

Auta ta koma don ta ƙara kallo ɗaya. Babu komai a gilashin. Sama ba ta tsayawa, kuma duk abin da aka kama da wannan bututu, in ba a bi shi da hannu ba, cikin 'yan mintuna yake sulalewa ya fita. Ta tura da yatsa biyu, ta ƙara turawa, ta yi tafiya mai ɗan nisa kafin hazon ya sake shigowa ta gefe. Ya daɗe da fita, tun Kaka yana goge tabarau.

Ta tsaya riƙe da bututun, tana jin ƙarar sandarsa a kan matakala, ɗaya bayan ɗaya. A nan ta gane cewa Kaka bai ga komai ba a daren nan, idonsa ya riga ya tafi, kuma maganarta kawai ya gaskata.