Layin Bayan Masaƙa

Motar ta sake mutuwa a kan ɗan hawan nan na ƙofar tsohuwar masaƙa. Yaya ta ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, gyalenta ya zame a kafaɗa, ba ta ko gyara ba. A bayansu motoci sun yi jerin gwano, kowa ya danne hon.

"Taka kuloci, Yaya. Kada ki kalli madubi," in ji Malam a hankali.

"Wanne ne kulocin kuma? Auta, ƙafata rawa take yi!"

Duk makarantar koyon tuƙi Malam ake ce masa, ita kaɗai ke kiran sa Auta, da furfurarsa da komai. Wani direban motar kaya ya ratso ta gefensu ya leƙo da kai ya dubi Yaya.

"Baba, a je gida a yi renon jikoki mana!"

Ta zare makulli ta ɗora wa ƙanenta a cinya, ta buɗe ƙofa ta zagaya. Dole ya koma mazaunin direba ya janye motar daga hanya.

Ba sha'awa ce ta kawo ta koyon mota da girmanta ba. Idon mijinta ne ya yi rauni har likita ya hana shi tuƙi, ga shi duk mako sai an kai shi asibiti. 'Ya'yansu duk sun yi nisa. Motarsu na nan a gida an lulluɓe ta, ita kuma ta gaji da roƙon maƙwabta.

"Ka ce mini layin nan ko akuya ba ta bi," ta ce da suka tsaya.

"Da can haka yake."

"Da can. To, gobe zan ƙara zuwa saboda kai. In aka sake tara mini jama'a ana zagina, a sayar da motar kowa ya huta."

Gaskiya ya faɗa mata. Shekara da shekaru masu koyar da tuƙi ke amfani da layin bayan masaƙa, don babu mai bin sa. Abin ya canza ne tun da aka haɗa motocin gari da cibiyar kula da zirga-zirga. Kowace mota aka sa mata 'yar na'ura mai gaya wa cibiya inda take da irin gudunta, cibiya kuma ta gaya wa direba hanyar da ba cunkoso. Da babban titi ya cushe, sai ka ga motoci sun kwararo layin kamar an fasa madatsar ruwa. Can su ɗauke, ka ce an huta, can kuma su dawo.

Da rana Malam ya tafi cibiyar. Aka tura shi hawa na biyu, na biyu suka ce ai ƙasa ne, na ƙasa suka ce mai kujerar ya fita. Ya zauna a benci yana juya hularsa har ƙafarsa ta yi sanyi. Daga baya wata ma'aikaciya mai tabarau ta tausaya masa ta shigar da shi wani ɗaki mai sanyi, bango guda duk allo ne, titunan gari sun bazu a kai, wasu ja, wasu kore.

Ya yi bayani, ta saurara, sannan ta jawo layin bayan masaƙa ta ƙara masa girma.

"Ga shi, Baba. Kore shar. Babu kowa a kai."

"Yanzu haka akwai motocinmu a wurin, 'yata. Na baro su suna koyon ribas."

"To ni ban gan su ba. Na'urorinku na aiki kuwa?"

Tun makon da aka sa musu na'urorin malaman tuƙin suka cire wayar da ke ba su wuta. Abin magana yake yi ba sallama. Ɗalibi na tsaka da neman giya sai murya ta ce a rage gudu, ko a yi dama, ɗalibi ya firgice ya saki komai. Wata yarinya ta taɓa bin umarnin muryar ta nufi kwata. A ranar duk malaman suka zare wayoyin, suka cusa su ƙarƙashin kujera.

"Mun ɗan cire," ya ce.

Ta sauke tabarau ta dube shi. "Kun ɗan cire. Baba, cibiyar nan ba ta da ido, abin da motoci suka gaya mata shi ta sani. Kun yi shiru, ta ɗauka layin fayau yake, ta turo mutane. Sun zo sun cushe a bayanku, layin ya yi ja, ta daina turowa. Sun wuce, ya koma kore, ta sake turowa. Haka za ku wuni."

"To a kashe mana muryar, mu mayar."

"Ba a raba murya da na'urar ba tukuna. An kai koke, ana dubawa."

"Har yaushe?"

Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce motocinsu an yi musu rajistar 'yan koyo. In dukansu suka kunna, cibiya za ta cire layin daga hanyoyin da take karkatar da mutane. In mota ɗaya ce, sai dai a rage masu shigowa.

Da yamma ya tarar da abokan aikinsa a gindin bishiyar da suke ajiye motoci. Ya kwashe duka ya gaya musu. Wanda suke kira Birki, saboda yadda yake kurma wa ɗalibai ihun kalmar, ya fara dariya tun bai gama ba.

"Wato mu ne masu laifin? Sun cika mana layi da motoci, kuma mu za mu ba su haƙuri?"

"Ba haƙuri aka ce ba. Waya za ka mayar."

"In mayar, ta riƙa kai rahotona duk sanda mota ta mutu? Gobe a ce ban iya koyarwa ba. Malam, ka je ofis sun ba ka ruwan sanyi, ka dawo kana yi musu wa'azi."

Sauran suka bushe da dariya. Wani ya ce shi sai ya ga kowa ya mayar, wani ya ce sai an kashe muryar. Malam ya juya ya bar su. Ya tafi motarsa, ya durƙusa yana laluben wayar a ƙarƙashin kujera, ya fito da ita duk ƙura da ɓawon gyaɗa.

Washegari Yaya ta zo fuska a ɗaure. Tana tayar da mota muryar ta gaishe su, ta ce a ɗaura bel.

"Wace ce wannan?"

"Ta cibiya ce. Ni kaɗai na mayar da wayarta, su Birki sun ƙi. Ki yi kamar ba ki ji ta ba."

"Kai ma ban gama da surutunka ba, ka ƙaro mini wata."

Suka kama hanya kamar masu rakiyar kunkuru. Birki ya wuce su da ɗalibinsa, ya ɗago hannu yana murmushin tsokana. Muryar ta ce babban titi ya cushe. Malam ya san abin da ke biyo bayan wannan. Kafin su kai ƙofar masaƙa motoci sun fara shigowa, ba su kai na jiya ba, amma sun isa su tayar da hankali. A kan hawan, motar ta yi tari ta mutu.

Hon ya tashi. Yaya ta kai hannu ga makulli. Malam ya kau da kai, ya zuba wa bangon masaƙa ido.

"Ɗan koyo ya tsaya a wannan layi," in ji muryar. "Ana karkatar da motoci."

Hannunta ya tsaya. Ta ɗaga ido ta kalli madubin da aka hana ta kallo. Can bakin layi, motocin da suka sa sigina za su shigo suna kashewa suna miƙewa abinsu. 'Yan ƙalilan ne suka rage a bayanta.

"Auta, wai ni suke gudu?"

"Ke suke gudu, Yaya."

"Duk garin an gaya musu mota ta mutu mini?"

"Ba a faɗi sunanki ba."

Ta yi tsaki mai tsawo. Na bayanta ya sake danna hon, ta zuge gilashi ta fitar da hannu ta yi masa alamar ya jira. Ta taka kuloci, ta murɗa makulli. Motar ta mutu. Ta sake murɗawa, ta ba ta wuta fiye da kima, motar ta yi kuka ta yi tsalle, ta haye hawan da kyar.

A ƙarshen layi ta tsaya, ta gyara gyale. Malam ya miƙa hannu zai karɓi makulli kamar yadda suka saba, ta buge hannun.

"Zagaye ɗaya kawai ka ga na yi. Kuma ka gaya wa wancan mai ihun, in bai mayar da wayarsa ba ni zan je in same shi."

Malam ya waiwaya. Birki na can gindin bishiya yana yi wa ɗalibinsa faɗa. Malam ya gyara zama.

"Sa giya ta ɗaya, Yaya."