Sunan Jirgin Tomeji

Tun da likita ya hana Tomeji shiga teku saboda ciwon zuciya, matarsa Harue ce ke tuƙa jirgin. Ba baƙon aiki ba ne a wurinta, shekara arba'in tana cikinsa tana jan igiyar wakame, ganyen tekun da garinmu ke ci da shi. Sai ƙungiyar masunta ta kafe: in ba a mayar da takardar jirgi da sunan mai aiki da shi zuwa Juma'a ba, za a ba wani gurbinsu na noman wakame a cikin ruwa. Harue kuwa gara a cire mata haƙoran gaba da a raba ta da gurbin nan.

Ranar Alhamis suka hau bas zuwa ofishin rajista a birni, Tomeji da hatiminsa na sa hannu a aljihu, ita da ƙunshin shinkafarsu. Tsohon ya manta tabarau, ko dai ya ce ya manta, don haka ita ta cika fom.

Rubutunmu yana da wuyar sha'ani, harafi ɗaya karatu biyu. Shi ya sa kowane fom ke da ɗan layi a sama inda ake rubuta yadda ake faɗin suna. Ta kwafi haruffa biyun da ke jikin jirgin, na lokacin fure da na gaɓar teku, ta rubuta a sama yadda kowa ke kiransa a bakin ruwa: Shunko-maru, maru ɗin kuwa kowane jirgi da shi sunansa ke ƙarewa. Sunan nan ya daɗe yana yi mata ciwo, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba. Maƙwabta duk sun sa wa jiragensu sunan mata ko na 'ya'ya, nata gogan ya ɗauko wani suna mara kan gado. Me za ka yi tsammani daga mutumin da tun ranar aure bai taɓa kiranta da komai ba sai "Ke"?

Ma'aikaciyar, wata mai furfura jefi-jefi da ake kira Kanno, ta duba kwamfuta ta ɗago.

"Iya, babu jirgi mai wannan suna."

"Babu? To a cikin me nake yini, kwanon wanki?" Harue ta juya ga mijinta. "Baban yara, ba dai ba ka taɓa yi masa rajista ba?"

"Na yi."

"To buɗe baki mana!"

Tomeji ya tsura wa silin ido. "Ke, tashi mu tafi. Ma dawo."

"Mu dawo yaushe? Gobe Juma'a fa! Wallahi in na rasa gurbin nan, kai ka dinga dafa wa kanka abinci."

Kanno ta sake kallon kwamfutar, ta kalli sunan Harue a fom, sai ta cije leɓe kamar mai ɓoye dariya. "Lamba ta dace, haruffa sun dace, karatun ne ya saɓa. Ni ba ni da ikon faɗa muku. Baba, kai ne mai jirgi, kai za ka faɗa in ji."

Kunnuwan tsohon suka yi ja. Ya yi wani gunaguni cikin kwalar riga.

"Ban ji ba, Baba."

"Harue-maru!" ya daka tsawa, har mutanen da ke layi suka waiwayo.

Harue ta yi sororo. Mahaifinta da sassauƙan baƙaƙe ya rubuta sunanta, irin yadda ake yi wa 'ya'ya mata a da, don haka ba ta taɓa ganinsa da haruffan nan masu karatu biyu ba. Ashe shi ne a goshin jirgin, tana goge shi da soso duk shekara tana tsaki!

"Ranar da aka saka shi a ruwa shugaban masunta ya karanta da ƙarfi, ya karanta ba daidai ba," in ji Tomeji, idonsa a ƙasa. "Kowa ya tafa. In ce masa me, a gaban mutane?"

"Shekara arba'in, tsohon banza?"

"Ai yana cikin takarda."

Daɗi da haushi suka taru suka cika Harue. Ta ja layi a kan Shunko, ta rubuta sunanta a hankali, hawaye na neman ɓata fom ɗin. Tomeji ya danna hatimi, Kanno ta buga nata, ta ce gurbi ya tsira, su kai wa ƙungiya takarda gobe da safe.

Harue ba ta tashi ba. Ta share ido da bakin hannun riga, ta matso kusa da tebur.

"'Yar nan," ta ce, "duba min da kyau. Babu wani fom ɗin da sai ya sake faɗa da baki?"