Ɗakin da Umma Ta Kwashe

"Wai hira, ki ji min. Yarinya ta daina cin abinci, ta rufe keken ɗinkinta, ke kuma kin ce in kai ta wurin mai hira. Hirar ce babu a gida? Ni nan wuni nake ina yi mata magana."

"Ai shi ya sa, Yaya," in ji ƙanwar Umma. Nas ce, daga asibiti ta biyo, ko fararen kayan ba ta cire ba. "Ke kike yi. Ita kin taɓa jin ta ce wani abu?"

Umma ta murɗe zanin da take wankewa kamar shi ya yi mata laifi.

Auta, 'yarta ta ƙarshe, ita ce a kwance a ɗaki. Haihuwar fari ta zo mata da gardama, aka yi mata aiki, yaron bai zo da rai ba. Kafin ta gama farfaɗowa an kai shi makwancinsa. Umma ba mace ba ce mai zama ta rafka tagumi. Tun Auta na gadon asibiti ta karɓi makulli a hannun mijin, ta je gidan ta kwashe komai: ɗan gado, baho, gidan sauro, da 'yan rigunan da Auta ta ɗinka da hannunta. Ta rabar, ta share, ta goge. A ganinta ido in bai gani ba zuciya za ta huta. Daga nan ta tare a gidan tana jinya.

Raunin aikin ya warke, Auta ba ta warke ba. Sallah tana yi, addu'a ana yi, amma in ta idar sai ta koma ta juya wa duniya baya. Mijin ya yi lallashi har ya rame shi ma.

"Ba mahaukaciya ba ce fa," Umma ta ce a ƙarshe.

"Wa ya ce? Likitar halayyar ɗan Adam ce. Ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya. Aikinta ta saurari mutum, ta taya shi warware abin da ya ƙulle masa."

"Wannan ma aiki ne? Da na sani da shi na koya."

"Ke? Da an kore ki ranar farko."

Haka dai suka je. Ɗakin ba ya warin asibiti. Kujeru masu taushi, labule mai ruwan toka, da kwalin tishu a kan ɗan tebur. Likitar mace ce mai sanyin murya, da tabarau. Ta dubi Auta ta ce, "Yaya barci?"

"Ba ta yi," in ji Umma.

"Abinci fa?"

"Sai na tsaya a kanta."

Likita ta yi murmushi. "Mama, kin sha ɗawainiya. Akwai benci a waje, iska na shigowa. Ki ɗan huta, ki ara min ita."

Umma ta fita tana jan carbi da ƙarfi. A ranta cewa take yi, an kore ni da ladabi.

Suka riƙa zuwa duk mako. Umma a benci, kunne a ƙofa, ba ta jin komai sai shiru mai tsawo da 'yar murya can ƙasa. A hankali Auta ta fara cin abin da aka ajiye mata. Wata rana ta fito tsakar gida ta sha hantsi. Amma sai ga wani sabon abu: kuka. Da ba ta yi, yanzu tana yi, har kafaɗunta na rawa.

Umma ta tare likita a bakin ƙofa. "Baiwar Allah, na kawo miki ita ba ta kuka. Wannan gyara ne ko ɓarna? Mu fa an hore mu da haƙuri."

"Haƙuri na nan, Mama, hawaye ba ya kore shi. Abin da ta danne ne yake samun hanya. Dama ta ce tana so ki shigo yau, akwai abin da ta kasa faɗa miki a gida."

Umma ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya. Auta ta daɗe tana kallon yatsunta.

"Umma, da na dawo gida na buɗe ɗakin, ban ga komai ba. Ko safa ɗaya. Kowa ya zo sai ya ce Allah ya kawo wani, babu mai maganar shi wannan ɗin. Har na fara tunanin ko ni kaɗai na san ya taɓa zuwa."

"Don ke na yi," Umma ta ce da sauri. "Don kada ki gani ki..."

"Ta san don ita kika yi," in ji likita. "Ba shari'a muke yi ba. Ke kin kawar da abin da zai tuna mata, ita kuma tunawar take bukata. Abu ɗaya zan roƙe ki. In ta ɗauko zancensa, kada ki yi saurin cewa ta yi haƙuri, kada kuma ki tashi neman aikin yi. Ki zauna kawai."

"In zauna in yi me?"

"Ki zauna."

A mota Umma ta yi ta juya maganar a ranta. Ita da ta raini 'ya'ya, ta yi jinyar miji har ya koma ga Allah, komai da hannu ta san yin sa. Zama hannu sake bai taɓa zama mata taimako ba. Ta yi ta neman laifin likitar, ba ta samu na kamawa ba.

Bayan la'asar tana tsintar shinkafa a faranti, sai ga Auta ta fito ta zauna a gefen tabarmar, kusa sosai har gwiwarsu na taɓa juna.

"Na ɗinka masa wata shuɗiya mai maɓalli a kafaɗa," Auta ta ce. "Sau biyu na warware wuyan."

Kalmar haƙuri ta taho har bakin Umma. Ta haɗiye ta. Ta tuna akwai tukunya a wuta, ƙafarta har ta motsa, ta maida ita. Ta ture farantin gefe.

"Na gan ta," ta ce. "Ɗinkin ya yi kyau."

Auta ta share ido da bakin mayafinta.

"An ce ke kika karɓe shi a hannun nas, ke kika naɗe shi. Ni ban gan shi ba, Umma. Baban shi in na tambaya sai ya fita waje." Ta ɗora hannu a kan na uwarta. "Ki faɗa min yadda fuskarsa take. Kada ki rage komai."