Gilashi Mai Jawo Nesa

Shekara da shekaru mai hoto da ƙafa yake aiki: in fuska yake so ya matso, in taro ne ya ja da baya. Da gwiwa ta fara yi masa gardama, sai ya sayo wa ƙaramar kyamararsa marar madubi gilashi mai zum, wato mai jawo nesa kusa, mai araha, jikinsa duk roba.

"Tsayawa za ka yi wuri guda ka murɗa," in ji mai shagon.

Ina fa! A gida ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya murɗa ya jawo agogon bango, ya murɗa ya mayar da shi, ƙafar kuma ta ƙi barin halinta, har ya yi karo da kujera.

"Baban yara, jiri kake sa ni," in ji matarsa, tana guga.

Ya juya kanta, ya murɗa har ƙarshe. Araha ba ta ado: ɗakin da ɗan duhu, gilashin ya dinga kai-kawo yana lalubenta. Ya yi tsaki, ya yaye labule. Nan take ta fito tar. Ga furfura a gefen kunnenta, ga tabon ƙuna a wuyan hannu, ya daɗe da warkewa.

"Yaushe kika ƙone?"

"Shekarar da ka sayi kyamarar." Ta juya rigarsa, ba ta ko ɗago ba. "Ashe na kusa ma sai da gilashi ake hango shi."